Limamin Ƙauyen da Ya Fara Hango Baƙin Rami

A wannan makon za mu waiwayi tarihin darasin da ake ganin ya fi ƙarfin ɗaliban sakandare: baƙin ramin sararin samaniya, wato wurin da ƙarfin ja ya tsananta har haske ma ba ya iya fita.

A 1783, John Michell, limamin coci a ƙauyen Thornhill da ke Ingila, ya rubuta wa abokinsa Henry Cavendish wasiƙa. Tunaninsa mai sauƙi ne. In ka jefa dutse sama dole ya dawo, sai fa in gudunsa ya kai kilomita 11.2 a daƙiƙa, nan ne zai kuɓuce wa duniya. To, yaya tauraron da jansa ya fi ƙarfin gudun haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa? Michell ya lissafa cewa tauraron da ya kai rana cunkushewa, ya kuma ninka faɗinta sau 500, haskensa zai koma masa. Har ya ce za a iya gane shi ta motsin taurarin da ke kewaya shi.

Maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari, domin masana sun koma ɗaukar haske tamkar igiyar ruwa, ba ƙwayoyin da za a iya janyowa ba. Sai a 1915 Einstein ya kawo sabon bayanin ƙarfin ja, Karl Schwarzschild kuma, yana bakin daga a Yaƙin Duniya na Farko, ya warware lissafin kafin rasuwarsa a 1916. Abin mamaki, iyakar da ta fito daga lissafinsa ta yi daidai da ta hanyar Michell: rana za ta zama baƙin rami in aka matse ta har daga tsakiyarta zuwa gefe ya rage kilomita 3, duniya kuwa milimita 9.

John Wheeler ne ya yaɗa sunan a 1967, aka fitar da hoton farko a 2019.

Ashe ƙofar shiga darasin dutse ne da lissafin aji. Gyara ɗaya malami zai yi: a wurin Michell haske na tashi ya dawo, a wurin Einstein kuwa ba ya tsallake iyakar ko kaɗan. Saura mu rubuta wa yaran labarin da Hausa.