Motar tsaga: wasan da gwanayensa suka kusa kashe shi

Bara, cikin babban hutu, ina zagaya wajen masu kayan gwanjo a kasuwar Maraɗi sai na ci karo da wani tsohon kwali da ya zo daga Turai. A ciki akwai guntayen baƙar roba da ake harhaɗawa su zama titi, da ƴan motoci biyu da ba su kai tsawon tafin hannuna ba, da abin riƙewa guda biyu mai kunama kamar ta bindiga. Mota ɗaya ta mutu. Na biya jika uku na ɗauka, don na gaji da koyar da darasin lantarki da alli kawai: in zana pil, in zana waya, in zana ampul, yara su kwafa su manta. Neman yadda zan tada matacciyar motar ne ya kai ni ga tarihin wannan wasa, kuma tarihin ya koya mini abin da ban samu ba a lekwal normal.

Ga yadda abin yake aiki. A tsakiyar layin kowace mota akwai siririyar tsaga, shi ya sa nake kiran ta motar tsaga. Gefe da gefen tsagar an shimfiɗa ƙarfe biyu masu ɗauke da wuta, galibi wajen bolt 12. A ƙarƙashin hancin motar akwai ɗan harshe da ke shiga tsagar ya ja ta bisa hanya, da saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe biyu da ke gogar ƙarafan titin su kai wuta ga inji. Direba ba ya da sitiyari. Abin da ke hannunsa kawai shi ne ƙara wuta ko rage ta. Ka shiga kwana da gudu fiye da kima, harshen ya fice, motar ta yi waje. Girman da aka fi sani shi ne kashi ɗaya cikin 32 da kashi ɗaya cikin 24 na motar gaske. Wato motar da ta kai mita 4 da rabi za ta dawo wajen santimita 14 a ma'aunin farko, kusan 19 a na biyu.

A 1912 kamfanin Lionel na Amurka, mai ƙera jiragen ƙasa na wasa, ya fitar da motocin tsere masu lantarki da ke bin dogo. Ba su karɓu ba, cikin ƴan shekaru aka daina yin su. Daga shekarun 1930 kuwa, manyan mutane a Ingila da Amurka suka riƙa ƙera ƙananan motoci masu injin mai irin na jiragen sama na wasa. Ana ɗaure su da waya a jikin turke su yi ta kewayawa, ko a ɗora su bisa dogo. Da ka saki motar, ba ka da sauran iko da ita sai mai ya ƙare.

Canjin ya zo a 1954, a garin Southport na Ingila. Wata ƙungiyar masu ƙere-ƙeren hannu tana nuna irin waɗannan motoci masu mai don tara kuɗi, sai wani mai takardar mallakar fasahar ya taso musu. Maimakon su nannaɗe tabarma, suka gina titin lantarki mai layi 6, tsawonsa kusan mita 18, motocin kashi ɗaya cikin 32 suna bin dogon da aka ɗaga bisa katako. Yanzu kowa na riƙe da wutar motarsa a hannu. Mujallar Model Maker ta yi ta buga zane da bayani, ƙungiyoyi suka ɓullo a Ingila da Amurka. A lura, lokacin babu kantin da ke sayar da irin wannan mota. Injin daga jirgin ƙasa na wasa ake ciro shi, jikin a sassaƙa shi da katako marar nauyi, shasin a lanƙwasa tagulla a liƙe da dalma. Wasu kuma suka ga dogon da ya taso yana hana bayan mota zamewa a kwana, suka fafe tsaga cikin katakon a madadinsa. An yi gardama shekaru kaɗan tsakanin ƴan dogo da ƴan tsaga, zuwa farkon shekarun 1960 tsaga ta yi rinjaye.

Kamfanoni daga baya suka shigo. A 1957 Fred Francis na kamfanin Minimodels ya nuna Scalextric a baje kolin kayan wasa na Harrogate. Dama yana da motocin gwangwani masu wani da ake kira Scalex, sai ya sa musu inji. Na farko su ne Maserati 250F da Ferrari 375. A 1958 ya sayar da kamfanin ga Lines Brothers, a 1960 aka koma roba. Faransa ta samu nata, Circuit 24, a farkon shekarun 1960. A Amurka kamfanin Aurora ya fitar da ƙanana ƙwarai a 1960, sannan Thunderjet a 1963, aka sayar da miliyoyi.

Daga nan Amurka ta rikice. Tsakiyar shekarun 1960 an kai wajen gidajen tsere 3,000 inda mutum zai zo da motarsa ya biya kuɗin lokaci ya hau layi. Shahararren titin waɗannan gidaje shi ne Blue King, mai layi 8 da tsawon ƙafa 155, wato mita 47. Har mawaƙin nan Elvis Presley ya sa an kafa mishi titi a gidansa.

A waɗannan gidaje ne sana'ar gyara ta kai ƙololuwa, kuma kowane mataki darasin kimiyya ne. Yawancin injunan na kamfanin Mabuchi ne na Japan, masu araha. Gwanaye sukan kwance su, su warware wayar da aka naɗa a zuciyar injin, su sake naɗa mai kauri da ƙarancin zagaye. Hakan na barin wuta ta wuce da yawa, injin ya ƙara juyi, amma zafi ma ya ƙaru. Sai a shafe naɗin da danƙo mai tauri don kada ya warware, a kankare gefen da ya fi nauyi har zuciyar ta daina rawa, a sa mayen ƙarfe mai ƙarfi. Sai giya: ƙaramin haƙori 9 da babba 27 na nufin inji ya juya sau 3 taya ta juya sau ɗaya. Titi mai yawan kwana yana son giya mai saurin tashi, mai dogon miƙe yana son mai nisan gudu.

Amma sun gano ƙarfin inji ba shi ke cin tsere ba, zaman mota a kwana ne. Don haka suka saukar da nauyi ƙasa-ƙasa, suka yi shasi da farantin tagulla da wayar ƙarfe mai tauri irin ta cikin fiyano. Suka koyi barin wasu sassa su ɗan yi lilo a kan maƙalai, don shasin da ya sandare yakan yi tsalle, wanda ke motsi kaɗan yakan shanye girgiza. Tayar roba ta ba da wuri ga ta soso, ana goge ta har ta yi zagaye sak. Jiki ya koma siririyar roba da ake narkarwa bisa ƙira. A 1968 Gene Husting ya kwantar da inji a karkace kusa da sandar tayoyin baya, tsarin da ya watsu nan da nan, kuma har yau motocin da suka fi gudu a kansa suke. Irin jikokinsu masu fukafukan roba yanzu suna kewaye Blue King cikin ƙasa da sakan 2, wato fiye da kilomita 85 a awa.

To, mai karatu, a nan ne abin ya juya. Kamfanoni irin su Russkit suka fara ɗaukar ƙwararru suna yi musu tsere. Motar da ta yi zarra wannan wata, wata mai zuwa ta tsufa. Kama da motar gaske ma aka watsar, aka koma wasu siffofi masu kama da ƙwaro, don gudu kawai ake nema. Ka ɗauki yaron da ya tara kuɗinsa ya sayi mota a kanti, ya zo ya hau layi kusa da mutumin da ya kwana yana naɗa waya. Kafin ya gama zagaye ɗaya an wuce shi sau biyu. Ya zo yau, ya zo gobe, jibi ba za ka gan shi ba. Alhali shi da ire-irensa ne ke biyan kuɗin hayar gidan, gwanaye ƴan kaɗan ne. Akwai wasu dalilai, kamar tsadar hayar manyan ɗakuna da kuma halin yayi, wanda dama ba ya daɗewa. Amma wannan tazara ta taimaka ƙwarai. Zuwa farkon shekarun 1970, cikin dubban gidajen nan ƴan ɗaruruwa ma da ƙyar suka rage.

Maganin da aka samo bai zo da wuri ba, amma shi ya ceci abin da ya saura: aka raba gasa aji-aji. Wannan aji inji kaza kawai, wancan ba a yarda a taɓa naɗin waya ba, wani kuma an ƙayyade kuɗin da mota za ta ci. A wasu gasanni masu shiryawa ne ke raba injuna iri ɗaya ranar tsere, don kada aljihu ya yi nasara a madadin hannu. Kamfanoni kuwa suka bi wata hanya: daga shekarun 1970 suka fara amfani da mayen ƙarfe yana manne mota da ƙarafan titi, don sabon shiga ya daina faɗuwa. Amma ƙananan ƙungiyoyin da suka riƙe wasan lokacin da kasuwa ta gudu, da yawansu na masu dalma da tagulla ne, kuma har yau akwai ajin da aka hana mayen ƙarfen mannewa don a ga aikin maƙeri.

Ni dai da na dawo lekwal ban tsaya ga kwalin gwanjo ba. Yaranmu ba baƙin ƙira ba ne. Mu ma da muna ƙanana mun yi motar kara, mun yi ta langa-langa da gwangwanin madara, muna yanka tsofaffin silifas mu yi taya. Wani kafinta ya fafe mana tsaga biyu a faifan katako. Muka feɗe tsohuwar wayar eriya muka zaro saƙar jan ƙarfen da ke ciki muka shimfiɗa gefen tsagar, batirin mashin ya ba mu wuta, injuna kuwa daga matattun rakoda. Motarmu ta farko duk kwana sai ta kife. Wata yarinya ce ta ce a sauke nauyin ƙasa, muka liƙa guntun dalma a cikin motar, ta zauna. Ranar ban buƙaci in zana komai a allo ba.

Sai tarihi ya maimaita kansa a gabana. Akwai yaron da wansa ke gyaran rediyo, ya samo mishi inji mai kyau da ƙarfen dalma. Sati na farko ya ci, na biyu ya ci. Yara fiye da ashirin ne suka fara tsayawa bayan tashi, a sati na huɗu shida suka rage. Da ban san labarin gidajen tseren Amurka ba, da na ce lalaci ne, kamar yadda muke faɗa kullum idan ƴan bayan aji suka daina ɗaga hannu. Sai na tara injunan duka cikin kwano, kowa ya rufe ido ya ɗauka. Shi kuma gwanin na ba shi aji na daban, inda zai kara da ni, da sharaɗin duk dabarar da ya gano sai ya nuna wa sauran ranar Laraba. Ba duka suka dawo ba, amma mun koma goma sha bakwai.

Ban ce a danne mai hazaƙa ba. Ba don mutanen Southport da masu naɗa waya ba, da wasan bai wanzu ba, kuma da ya mutu tun 1970. Abin da nake cewa shi ne, gwani yana buƙatar waɗanda ke bayansa fiye da yadda yake zato, kuma aikin mai tsara gasa ne ya bar wa na baya dalilin dawowa gobe. Mu malamai kullum muna karanta sakamako daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, mu tafa wa uku na farko. Tun daga wannan shekara na fara ƙirga wani abu daban: yara nawa ne suka dawo sati na huɗu.