Taƙaddamar haraji da tsuke bakin aljihu a Amurka

A watan Agustan 2011 majalisar dokokin Amurka ta amince gwamnati ta ƙara cin bashi, bisa sharaɗin rage giɓin kasafin kuɗi.

Dokar ta tanadi zaftare kimanin dala tiriliyan 1.2 cikin shekaru tara, rabi daga fannin tsaro, muddin wani kwamitin 'yan majalisa 12 ya kasa cimma matsaya. Kuma ya kasa.

Shugaba Barack Obama ya nemi a toshe kafofin da attajirai ke bi suna rage harajinsu. Alal misali, a lokacin manajojin wasu kamfanonin zuba jari na biyan kashi 15 cikin ɗari kan rabonsu na riba, alhali harajin albashi mafi girma kashi 35 ne.

'Yan Republican, ƙarƙashin kakakin majalisar wakilai John Boehner, sun dage cewa matsalar ita ce yawan kashe kuɗi, ba ƙarancin haraji ba.

A watan Janairun 2013 an ƙara wa masu samun sama da dala 400,000 a shekara haraji zuwa kashi 39.6, amma ba a toshe wannan kafa ba.

Ranar 1 ga Maris na 2013 zaftarewar ta fara aiki, inda aka yanke dala biliyan 85 a kasafin wannan shekara.