Dala Ɗaya da Santi 35: Yadda Arahar Kiwo Ta Zama Dukiya a Yammacin Amurka

A jihohin yammacin Amurka, irin su Nebada, Yuta da Wayomin, gwamnatin tarayya ce ta mallaki kaso mai yawa na ƙasa, kuma a kanta dubban masu garken shanu suke kiwo. Ma'aunin kuɗin da suke biya shi ne ciyawar da saniya ɗaya da ɗan maraƙinta, ko doki ɗaya, ko tumaki biyar, za su ci a wata guda. Daga 2019 zuwa 2024 farashin wannan ma'auni bai motsa daga dala 1 da santi 35 ba, alhali mai hayar makiyaya a hannun ɗan kasuwa a waɗannan jihohi yakan biya fiye da dala 20. Shugabanni sun zo sun tafi, giɓin yana nan. Tarihinsa ne ke bayyana dalili.

A ƙarni na 19 filayen yamma tamkar ba su da mai su. Kowa ya iso da garkensa sai ya saki, kuma babu wanda ke da dalilin rage dabbobinsa, domin ciyawar da ya bari yau maƙwabcinsa ne zai cinye gobe. Hukumar gandun daji, ƙarƙashin Gifford Pinchot, ita ta fara karɓar kuɗin kiwo a 1906. Masu shanu suka ƙi yarda, har magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 1911 ta tabbatar wa gwamnati ikonta. Sauran filayen kuwa suka ci gaba da zama a sake har fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka fallasa irin zaizayar da ƙasa ta yi. A 1934 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan Dokar Kiwo ta Taylor, wadda ta yanka filaye gundumomi, ta kuma wajabta takardar izini. Kuɗin farko, a 1936, santi 5 ne kacal.

A cikin wannan doka aka shuka abin da ya tsiro daga baya. Ba a yi gwanjon izinin ga wanda ya fi tayi ba. An fifita waɗanda suke da gonar kiwo tasu ta kansu a kusa da filin, izinin yakan yi shekara goma, kuma galibi ana sabunta wa mai shi. Da aka yi yunƙurin ƙara kuɗin a shekarun 1940, Sanata Pat McCarran na Nebada ya ja daga, majalisa ta zaftare kasafin hukumar kiwo, sannan a 1946 aka haɗe ta da ofishin filaye aka samar da hukumar kula da filayen tarayya da ake kira BLM. Ita ce a yau take kula da kiwo a kan eka miliyan 155, da izini kusan 18,000.

A 1978 majalisa ta kafa tsarin lissafi. Aka ɗauki dala 1 da santi 23, ƙimar da wani binciken 1966 ya fitar, a matsayin tushe. Kowace shekara sai a duba abu uku: kuɗin hayar makiyaya masu zaman kansu, farashin shanu, da tsadar kayan da makiyayi ke saya. Biyun farko suna ɗaga kuɗin, na ukun yana sauke shi. Da yake tsadar mai, injuna da sauran kayan aiki ta riƙa yi wa farashin shanu fintinkau, lissafin ya dinga jan kuɗin ƙasa. Tsarin na gwaji ne na shekara bakwai, amma a 1986 Shugaba Ronald Reagan ya tsawaita shi da umarnin shugaban ƙasa, ya kuma ƙayyade cewa kada ya gaza dala 1 da santi 35. Wannan mafi ƙarancin shi ne ya zama farashin da aka fi gani.

Sakamakon a baitulmali a fili yake. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya gano cewa a shekarar kuɗi ta 2004 hukumomin tarayya sun kashe aƙalla dala miliyan 144 wajen tafiyar da kiwo, abin da suka karɓa kuwa kimanin miliyan 21 ne. Masu shanu suna da amsa mai nauyi: filin gwamnati busasshe ne, mai nisa, kuma su ke ɗaukar wahalar gyaran shinge da wuraren shayarwa, abin da mai ba da haya yakan yi a nasa filin. Saboda haka, in ji su, kwatanta farashin biyu kai tsaye rashin adalci ne.

Sai dai kasuwa ta yanke nata hukuncin. Gonar kiwon da take ɗauke da izinin gwamnati ta fi wadda ba ta da shi tsada, kuma bankuna sukan lissafa izinin idan za su ba da rance. Wato arahar ta shige cikin kuɗin gona. Wanda ya sayi gona a bayan nan ya riga ya biya kuɗin arahar, ba ga gwamnati ba, ga wanda ya sayar masa. Idan aka ƙara kuɗin kiwo, darajar abin da ya ci bashi ya saya ce za ta faɗi, ko da yake doka ta ce izini alfarma ne, ba mallaka ba. Shi ya sa da sakataren harkokin cikin gida Bruce Babbitt ya nemi kai kuɗin sama da dala 4 a 1993, sanatocin yamma suka toshe shirin, aka janye batun kafin ƙarshen 1994. A 1993 ɗin ne Cliven Bundy na Nebada ya daina biya gaba ɗaya, kuma da jami'ai suka zo kwashe shanunsa a 2014, magoya bayansa ɗauke da bindigogi suka sa su ja da baya.

Rangwamen da aka yi domin a lallashi masu garke su karɓi doka a 1934 ya rikiɗe ya zama jari da ake saye, ake jinginarwa, ake gada. Duk gwamnatin da za ta taɓa wannan araha sai ta fara amsa tambayar wanda zai ɗauki asarar: mai biyan haraji da ya daɗe yana cike giɓin, ko iyalin da suka biya kuɗin arahar tun ranar da suka sayi gona.