Ranar da Kumbo Ya Yi Magana da Kano

A watan Satumba na 1021 bayan dubu, wato 2021, lokacin da hukuma ta sa aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, ina gida a Tsafe. Wayoyinmu na hannunmu, cajinsu cike, amma sun zama kamar marmara. Taurarin ɗan Adam kuwa suna can sama suna ta kewayarsu, ba abin da ya same su. Abin da aka taɓa kawai shi ne dogayen ƙarafan nan da ke ƙasa. A cikin wannan zaman shiru ne wani kawuna, tsohon ma'aikacin gidan waya a Gusau, ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun injiniya, ka san an taɓa magana da ɗan sama jannati daga Kano tun ba a haifi ubanka ba?" Na ɗauka ba'a ce irin ta tsofaffi. Da na koma makaranta na bincika, sai na tarar ni ne jahilin.

Ga yadda abin yake. Bayan Rasha ta harba Sputnik ranar 4 ga Oktoba, 1957, Amurka ta shiga haramar tura mutum sama a cikin wani shiri da ta kira Mercury. To, sai ga wata matsala. Irin saƙon rediyon da ya fi fita tar tsakanin kumbo da ƙasa a miƙe yake tafiya kamar kallon ido, ba ya lanƙwasa ya bi doron duniya. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu ya san haka: kana hawa ganinka na ƙara nisa, amma komai tsawon dutsen akwai inda ƙasa za ta ɓoye maka sauran. Kumbon Mercury yana tafiya a tsawon mil 100 zuwa 160 daga ƙasa, da gudun mil 17,500 a sa'a, wato kusan mil 5 a kowane sakan. Tsakanin Bunguɗu da Tsafe, tafiyar da mota ke ratsa Gusau ta yi, ba zai kai sakan goma ba ya shafe ta. Saboda haka tasha guda ba ta iya riƙe shi fiye da 'yan mintoci, biyar zuwa bakwai, sai ya faɗa bayan ƙasa. Dole aka jera tashoshi a kewayen duniya, wasu a tudu wasu a jiragen ruwa, wannan ta miƙa wa waccan. A nahiyarmu aka zaɓi Kano da Zanzibar. Kano ita ce tasha ta biyar a jerin, tana karɓa daga ta tsibiran Kanari.

Kada mai karatu ya zaci abin ya zo cikin ruwan sanyi. A shekarar 1960 da aka ƙulla yarjejeniyar, Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Hamadar Sahara, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961, kuma ɗalibai sun yi zanga-zanga a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila har aka soke ta a 1962. Duk Baturen da ya zo da eriya a wannan zamani, ai dole a dube shi sau biyu. A Zanzibar ƙyamar ta yi tsanani, kuma bayan juyin mulkin 1964 aka rufe tasharsu. Ta Kano ta ci gaba har zuwa shirin Gemini da ya biyo baya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da ake yi a cikin ɗakin. Kafin kowace harbawa, hukumar NASA takan turo ƙaramar tawaga: mai magana da ɗan sama jannatin, da injiniya mai lura da lafiyar na'urorin kumbon, da likita mai lura da bugun zuciya da numfashin mutumin. Da yawansu samari ne waɗanda ba su daɗe da barin jami'a ba, don aikin sabo ne, babu wani tsohon hannu da za a ɗauko. Sukan shafe makonni suna gwaji da saƙonnin ƙarya da aka naɗa a faifai, duk don mintoci shida. Idan kumbo ya ɓullo daga yamma, a juya eriya a kama shi, a karanta ma'aunai, wato yawan iskar shaƙa da zafi da man juya kumbo da ƙarfin batir, a yi wa matuƙin tambayoyi, sannan a taƙaita komai a buga ta keken tangaraho zuwa cibiyar Goddard, daga can a miƙa wa masu ba da umarni a Fulorida. Kawuna da na karanta masa wannan sai ya yi dariya, ya ce ashe dai aikinsu ne na gidan waya, sai dai shi wannan jirgin ba ya tsayawa a tasha kamar na Ƙaurar Namoda.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, aka harba John Glenn a kumbon Friendship 7. A agogonmu ƙarfe 4 saura kwata ne na yamma, kuma mintoci ashirin da 'yan kai bayan haka yana bisa ƙasar Hausa, daidai lokacin da mutane ke tashi daga sallar la'asar. Ya ba da labarin yana hangen ƙura ta turnuƙe ƙasa, mutanen tashar Kano suka amsa masa cewa lallai an yi kwanaki ana iska. Mu dai mun san sunan abin, hazon hunturu ne, wanda ke fasa mana leɓe kowace shekara.

Can cikin tafiyar sai wani ma'auni ya nuna wai garkuwar da ke kare kumbon daga zafi ta kwance. In haka ne, mutumin zai ƙone ƙurmus wajen saukowa. Nan da nan aka aika wa tashoshi cewa kowace ta sa ido a kan wannan ma'auni. Ka duba nauyin da ke kan saurayin da ke zaune gaban na'ura: ran mutum ya rataya a kan abin da zai karanta ya buga, kuma ba shi da damar cewa a dawo masa da kumbon ya sake dubawa. Daga ƙarshe aka umarci Glenn kada ya yar da rokokin birki da ke ɗaure a kan garkuwar, ko igiyoyinsu sa riƙe ta. Ya sauka lafiya bayan kewaye uku cikin sa'a 4 da minti 55. Bincike ya nuna garkuwar lafiyarta lau, wani ɗan makunni ne ya yi ƙarya.

Shekara guda da rabi bayan nan, ranar 23 ga Agusta, 1963, Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar jirgin ruwan Kingsport da ke tsaye a gaɓar Ikko. Irin waɗannan taurari masu zama can nesa, mil 22,300, su ne daga baya suka rage amfanin ƙananan tashoshi irin ta Kano.

Ni a ganina a nan ne muka yi sake. Mun ba da fili, amma masu zama gaban na'urar baƙi ne, kuma da suka tashi sun tafi da saninsu. An buɗe tashar Lanlate a 1971 don wayar ƙetare, daga baya ta Kujama kusa da Kaduna, amma sai a 1999 aka kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa. Sai a 2003, da aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, samarin injiniyoyinmu da aka horar a Surrey ta Ingila suka zauna a tasha a Abuja suna ba tauraro umarni da hannunsu. Shekara 41 ke nan bayan Glenn.

Da aka maido da layi a Gusau a watan Oktoba na waccan shekara ta 2021, mu na Tsafe muka ci gaba da jira. Kawuna yakan shiga mota ya tafi birni don ya kira ɗansa da ke Kano, ya yi maganar minti biyar, ya sake shiga mota ya dawo kafin magariba.