Ganuwar Kano Da Gidan Makama: Ziyarar Mai Ƙaramin Guzuri

Na sha jin mutane suna cewa ziyarar wuraren tarihi sai mai hali. Labari ya zo mana cewa a ƙasar Japan akwai wata fada mai suna Himeji, wadda aka gama gininta a 1609, kuma mutane suna biyan kuɗin jirgi daga nesa don su gan ta. To, mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muna da abin da ya girme ta da shekara wajen ɗari biyar, ga shi kuwa ƙafa ma tana kai mutum. Abin da za ka riƙa shi ne gorar ruwa, da ɗan dabino, da kuɗin shiga Gidan Makama, wanda bai taka kara ya karya ba.

Ka yi sammako, ka bi titin gidan zu har ka ɓulla Ƙofar Ɗan Agundi. Kafin ka shiga, tsaya ka waiwaya. Inda ka baro ɗin nan, a zamanin da, gonaki ne da ƙauyuka a bayan birni. In aka ji kukan yaƙi, kamar lokacin da Ningawa ke kawo hari, talakan karkara ba shi da mafaka sai garin da ke da ganuwa. Ya kan kora bisashensa, ya ɗauki abin da ya iya na hatsi, ya nufi ƙofa tun ba a rufe ba. Shi ya sa magabata ba su tsaya ga kewaye gidaje kaɗai ba, suka haɗa da filayen noma da kududdufai, don ko an tsare ƙofofi wata da watanni kada yunwa ta ci gari.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, ɗansa Yusa ya gama. Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, bayansa kuma Muhammadu Nazaki ya ƙara. Amma littafi sunan sarki kawai ya kan riƙe. Waɗanda suka kwaɓa ƙasa, suka mulmula tubali, suka ɗauko shi a ka, talakawa ne na birni da ƙauye, kuma bayan damina a kan kira su su gyara inda ruwa ya zaga. Ni dai ina ganin duk wanda asalinsa na ƙasar nan ne, da wuya a ce babu gumin kakansa a jikinta.

Ƙarfin wannan gini ya bayyana ran 3 ga Fabrairu, 1903, sa'ad da sojan Turawa suka iso ƙarƙashin Kanar Morland, Sarki Alu kuwa yana can wajen Sakkwato. Suka yi ta harbin ganuwa da igwa, ƙasa ta shanye harsashi. Sai da suka koma kan ƙyauren ƙofa sa'an nan suka sami shiga. Gwamna Lugga da kansa ya rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50.

Daga ƙofa sai ka miƙe zuwa Gidan Makama, kusa da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki. An ce a nan Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne. Kada ka yi hanzari a soraye. Ɗaga kai ka dubi daurin guga, ka ga yadda aka jera azara aka lanƙwasa baka ba ƙarfe ba siminti, ka kuma ji sanyin ɗakin ko da rana ta take. A nan ne aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da sulke, da kayan doki. Fada kuwa gidan Sarki ne mai iyali, ba a shiga sai da izini, amma kallon Ƙofar Kudu daga fili kyauta ne. In da sauran ƙarfi, sai ka ratsa ta kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa, ka hau Dala.

Daga kan Dala ne abin zai ba ka tausayi. Tun da yaƙi ya ƙare aka daina gayyar gyara. Ruwa ya ci nasa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, waɗansu suka kafa gidaje da shaguna a kanta. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka maye ta da sabon gini. Mutanen Japan kuwa sun shafe daga 2009 zuwa 2015 suna sabunta rufi da shafen tasu fadar.

Ranar da na kai ɗana, muna komowa da la'asar ya nuna wani tudu da awaki ke kwance a kai, ya ce, "Baba, wannan juji ne?" Na ce masa ganuwa ce, na kama hannunsa muka hau, muka tsaya muna hangen hanyar gida.