HD, Full HD, 4K: me waɗannan sunaye suke nufi a fuskar waya, tele da kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa sayen waya ko tele a Gazawa, Agiye, Gidan Rumji ko babbar kasuwar Maraɗi ya ga waɗannan haruffa a jikin kwali. Mai shago ya ce maka "ai wannan HD ce", ya ƙara jika biyar a kai. To mun ga ya dace mu warware su, don kuɗin mutum kada su tafi a kan suna.

Hoton da kuke gani a gilashi ƙananan ɗigo ne aka jera, ana kiransu fiksel, kamar dai saƙar faifai: in saƙar ta yi ƙanana kuma ta matsu, ado ya fi fita. Ana ƙirga su a kwance da tsaye. In an rubuta 1280×720, ɗigo 1280 ne a faɗi, 720 a tsayi, jimla 921,600.

Sunayen farko daga kamfanin IBM na Amurka suka fito. A 1987 ya fitar da VGA mai 640×480, a 1990 kuma XGA mai 1024×768. Tsakaninsu akwai SVGA mai 800×600. Sunan VGA bai mutu ba, shi ne wannan shuɗin soket mai rami 15 da ake jona kwamfuta da majigi a wajen taro. Da gilashi ya ƙara faɗi aka liƙa W a gaba, aka samu WXGA. Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu biyu da ke shigowa yankinmu 1366×768 ne, kuma shi ma ana ce masa HD.

Nan rikicin ya fara. HD ta asali 1280×720 ce, ita ce 720p. Full HD kuwa 1920×1080, ɗigo 2,073,600, ta ninka HD fiye da sau biyu. Mai sayarwa kan ce "HD" kawai ya yi shiru, kai kuma ka ɗauka babbar ce. Haka tele mai tambarin "HD Ready": tana karɓar hoton Full HD, amma sau da yawa gilashinta 1366×768 ne, sai ta matse hoton. HD+ ma fuska biyu gare ta: a kwamfuta 1600×900, a wayoyi masu sauƙin kuɗi galibi 720×1600.

Ga wani tarko da harafi ɗaya ya raba. QHD da babban Q 2560×1440 ce, HD sau huɗu. qHD da ƙaramin q kuwa 960×540, rubu'in Full HD. Ku dubi wannan tazara!

4K ta sake tsarin ƙirga gaba ɗaya. 720p da 1080p tsayi suke faɗi, 4K faɗi take nufi, kusan dubu huɗu. Ta tele 3840×2160 ce, ɗigo 8,294,400, ta gidajen silima 4096×2160. A ganinmu, mai tele inci 32 da ke kallo daga nesa a tsakar gida ba zai ga bambancin da ya kai kuɗin ba, balle in tashar da yake kamawa ba 4K take aikowa ba. Kuma inci girman gilashi ne kawai, bai faɗi yawan ɗigo.

Lambobin nan suna taɓa megan ku ma. A YouTube, 144p, 360p, 480p da 720p duk tsayin hoto ne, kuma duk hawa ɗaya ƙarin mega ne. A ƙauyukan da rezo ke rawa, 360p ta isa a saurari wa'azi ko labarai ba tare da bidiyo yana tsayawa ba. Waya mai 720 ko an ba ta 1080p, matse shi za ta yi, forfe ne ya ƙone.

Kafin ku biya, ku sa a kunna na'urar a gabanku. A kwamfuta mai Windows, ku danna ɓangaren dama na linzami a kan fili, ku shiga "Paramètres d'affichage", lambar da aka rubuta "recommandé" a gefenta ita ce ta gaskiyar gilashin. A waya da tele, ku nemi lambobi biyun nan masu alamar × a tsakani a jikin kwali ko takardar ciki. In haruffa kaɗai aka buga babu lamba, ku ɗauki lambar samfurin ku bincika a intanet tun kuna tsaye a shagon.