Gandiroban da Ya Shiga Kurkuku: Rabilu Musa Ibro da 'Yancin Mai Ba da Dariya

A watan Oktoba na shekarar 2008, kotun tafi-da-gidanka da ke sauraron ƙararrakin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta yanke wa Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ɗan Ibro, hukuncin ɗaurin wata biyu. Tuhumar ta shafi gudanar da kamfanin shirya fim ba tare da rajista ba, da kuma rawa da waƙar da hukumar ta ce sun saɓa wa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko. Mutumin da aka tasa ƙeyarsa zuwa gidan yari ya san wurin ciki da bai, domin ya shafe shekaru takwas yana aikin gandiroba kafin ya rungumi sana'ar ba da dariya.

Wannan hukunci ya fito da wata tambaya da ta girmi Ibro, ta kuma girmi sana'ar fim baki ɗaya: wane ne ke bai wa mai barkwanci izinin faɗin abin da sauran jama'a ba sa iya faɗa, kuma wane ne ke tsaya masa idan maganar ta yi zafi? Tarihin rayuwarsa labari ne na mutumin da ya gaji wani tsohon 'yanci daga al'adar Hausawa, ya yi amfani da shi a zamanin da garkuwar da ke kare 'yancin ta riga ta faɗi.

Gadon da ya tarar

Bahaushe ya daɗe da tanadar wa dariya gurbi a tsarin zamansa. A fada akwai wawan sarki, wanda ke iya gaya wa mai gari maganar da waziri ba zai kuskura ya furta ba. A kasuwa da dandali akwai 'yan kama, masu shigar malamai suna karatu da muryar wa'azi, alhali abin da ke cikin karatun nasu tuwo ne da fura da nama. A watan azumi, daga dare na goma, akwai tashe, inda yara ke kwaikwayon tsofaffi da malalata da mayaudara, Nalako kuma ya sa gwagwaren Kano a gaba. Sannan akwai wasan barkwanci tsakanin al'ummu: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da shingen da ke kare shi. Wawan sarki yana da uban gida. Tashe yana da lokacinsa, da salla ta zo an rufe babin. Wasan barkwanci yana da abokin wasa sananne, wanda al'ada ta hana shi yin fushi. Saboda haka 'yancin yana da faɗi, amma kowa ya san iyakarsa da wanda ke tsaronsa.

Da rediyo da talbijin suka zo, sai tashoshin gwamnati suka zama sabon uban gida. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya shekara da shekaru yana fitowa a matsayin Samanja Mazan Fama daga Kaduna, yana wasa da rayuwar bariki, har a lokutan da sojoji ke mulkin ƙasa. Ƙasimu Yero na Zariya da Karkuzu na Jos sun yi suna ta irin wannan hanya. Wasanninsu suna bi ta hannun shugabannin tasha kafin su kai ga jama'a, kuma tambarin tashar shi ne inuwarsu.

Daga Ɗanlasan zuwa kaset

An haifi Rabilu Musa ranar 12 ga Disamba, 1971, a Ɗanlasan, garin da yanzu ke cikin Ƙaramar Hukumar Warawa, gabas da birnin Kano. A nan ya yi firamare, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, sannan ya shiga aikin gidan yari a farkon shekarun 1990. Wannan lokaci ya yi daidai da haihuwar wata sabuwar sana'a. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka shirya don sayarwa a kaset ɗin bidiyo. Kafin shekarun su ƙare, sana'ar ta samu mujallunta, irin su Tauraruwa da Fim, ta samu dillalanta a Bata da Ƙofar Wambai, ta kuma samu sunan Kannywood.

Sana'ar ta rabu gida biyu. Akwai finafinan soyayya, waɗanda 'yan fim ke kira santimental, masu rawa da waƙa irin na Indiya, masu manyan gidaje da motoci. Akwai kuma camama, finafinan barkwanci masu ƙaramin jari, waɗanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki, galibi a ƙauye, da suturar da kowa ya saba gani a jikin maƙwabcinsa. 'Yan birni sun raina camama. Amma ita ce ke da masu saye a garuruwan da wutar lantarki ba ta zama, inda mai gidan kallo ke tayar da janareta bayan isha'i, matasa su biya 'yan kuɗi su zauna a benci. Daga Wudil a gabas zuwa Gwarzo da Kabo a yamma, har Maraɗi da Damagaram a ƙetaren iyaka, Ibro ya zama sarkin wannan fage. Sunansa kansa ya koma hajar sayarwa, shi ya sa ake liƙa shi a goshin fim: Ibro Awilo, Ibro Ɗan Fulani, Ibro Angon Hajiya.

Halin da ya ƙirƙira ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya. Gizo ne ya sa riga da wando: ga kwaɗayi, ga tsoro, ga cika baki, ga wayon da kullum ke komawa kan mai shi. Bambancinsa da cali-calin finafinan Indiya, wanda ke fitowa don jarumi ya huta, shi ne cewa a camama babu wani jarumi sai shi. Talakan ƙauye, wanda a fim ɗin soyayya bai wuce mai gadi ko ɗan aike ba, a nan shi ne tsakiyar labari. Shi ke fuskantar ɗan sanda da alƙali da boka da attajiri, yana shan kashi, yana kuma fallasa su ba tare da ya yi niyya ba. Ƙarfin Ibro yana cikin harshe da fuska: karin maganar da ya murɗe, Turancin da ya karya da gangan, da kallon mutumin da aka kama da hannu dumu-dumu amma yana neman hujja. Tare da abokan wasansa irin su Kulu da Tsigai da Katakore, ya gina wata ƙaramar duniya da masu kallo suka san mazaunanta kamar 'yan unguwarsu.

Akwai abin suka, kuma masu sukar ba su rasa hujja ba. Gaggawar kasuwa ta sa finafinai da yawa suna maimaita juna. Kwaikwayon harshen wasu ƙabilu, wanda a dandali wasa ne tsakanin mutum biyu da suka san juna, a kaset yakan isa ga wanda bai shiga yarjejeniyar ba, ya ji shi a matsayin izgili. Nan ne ainihin sauyin yake. Kaset ya rushe shingayen nan uku gaba ɗaya: ana kallonsa a kowane wata, yana shiga kowane gida, kuma ba shi da uban gida sai ɗan kasuwa.

Duniya a bakin ɗan ƙauye

Ibro bai tsaya a kan rigimar kishiyoyi da bashin mai shayi ba. A Ibro Awilo ya kwaikwayi Awilo Longomba, mawaƙin Kwango da rawarsa ta mamaye Nijeriya a lokacin. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, sa'ad da hotunan Usama bin Ladan suka cika motocin haya da shagunan Arewa, sai ga Ibro Usama a 2002, daga baya kuma Ibro Saddam. Waɗannan finafinai sun ɗauko rikicin da manyan ƙasashe ke yi suka sauke shi a fegin ƙauye, da bindigogin wasa da rawunan aro. Sun jawo ce-ce-ku-ce a tsakanin wasu malamai, sun kuma ja hankalin masu nazari, ciki har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Bajamushen masanin al'adu Matthias Krings.

Irin wannan ƙarfin hali yana da magabaci a tarihin fim. Cali Caplin, Baturen Ingila da aka haifa a Landan a 1889, ya taso cikin talauci, ya koyi sana'a a dandalin wasannin barkwanci kafin ya koma fim a Amurka, inda ya shahara da halin wani faƙiri mai sanda da ƙaton takalmi. A 1940 ya yi fim yana kwaikwayon Hitila. A 1952, lokacin farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin gurguzu, gwamnatin Amurka ta soke izininsa na komawa ƙasar, ya ƙarasa rayuwarsa a Suwizalan. Ko a can, ko a nan, hukuma takan ƙyale mai barkwanci muddin talaka yake kwaikwaya. Matsala tana farawa ne ranar da ya ɗaga kai sama.

Shekarar da shinge ya faɗi

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, a matsayin sulhu tsakanin masu son a haramta fim kwata-kwata da masu cin abinci da shi. Sulhun ya riƙe har zuwa 2007, lokacin da wani bidiyon batsa da aka ɗauka da waya, wanda ya shafi wata 'yar fim, ya bazu a gari. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar tacewa. Aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka tsaurara sharuɗɗan rajista. Adam A. Zango ya sha ɗaurin wata uku a 2007 saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka ɗaure furodusa Hamisu Lamiɗo Iyantama kan fim ɗinsa Tsintsiya.

A tsakanin waɗannan biyun aka kama Ibro. A takarda, laifinsa rajista ne da rawa. A bakin jama'a kuwa, magana ɗaya ake yi: waƙar Mamar da ke cikin Ibro Aloko, wadda ke wasa da wani yadi mai ratsi-ratsi da aka san gwamna da yawan sawa. Mutane da dama sun ɗauka cewa wannan ne ainihin abin da ya kai shi kurkuku, ko da yake ba shi ne abin da aka rubuta a tuhuma ba.

Ko wanne ne gaskiya, shari'ar ta nuna inda mai barkwancin zamani ya tsaya. Wawan sarki zai iya wasa da rawanin sarki ya kwana a gidansa, saboda sarkin ne ya ba shi izini, kuma hukunta shi abin kunya ne ga fada. Ibro yana da masoya fiye da duk wani wawan sarki da aka taɓa yi, amma masoya ba sa bayar da beli. Dillalan da suka ci riba da sunansa ba su da ikon tsaya masa. Dokar da ta kafa hukumar ta yi maganar tarbiyya da al'ada, sai dai al'adar da ta haifi 'yan kama da tashe ba ta samu mai kare ta a gaban alƙali ba.

Ya fito ya koma aiki, kuma farin jininsa bai ragu ba. Ya ci gaba da fitowa a finafinai har rashin lafiya ta ci ƙarfinsa. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan fama da ciwon ƙoda, saura kwana biyu ya cika shekara 43. An yi masa sutura a mahaifarsa, Ɗanlasan.

Abin da ya rage

Rasuwarsa ta zo daidai da mutuwar kasuwar da ta raine shi. Satar fasaha ta riga ta karya cinikin faifai, tashar Arewa24 ta fara aiki a wannan shekara ta 2014, daga baya kuma kallo ya koma YouTube da wayar hannu. Magadansa na yau ba sa buƙatar dillali ko gidan kallo, waya ɗaya ta ishe su. Amma tambayar 2008 tana nan ba a amsa ta ba. A watan Nuwamba na 2022, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi kan Gwamna Abdullahi Umar Ganduje.

Akwai kuma asara ta biyu, wadda ke faruwa a hankali ba tare da hukuncin kowace kotu ba. Amurka ta gayyaci Caplin a 1972 ta karrama shi, Ingila ta ba shi sarautar girmamawa a 1975, kuma an gyara finafinansa an adana kwafin takardunsa a cibiyar adana finafinai ta Bolonya a Italiya. Finafinan Ibro na farko suna kan kaset da faifan da zafi da ƙura ke ci, ko kuma a gutsuttsure a intanet, ba kwanan wata, ba sunan darakta. Alhali a cikinsu akwai Hausar karkarar Kano ta ƙarshen ƙarni na ashirin, da suturarta, da kasuwanninta, da irin abin da talaka ke tsoro da wanda yake yi wa dariya. Jami'o'in Kano da gidajen tarihinta suna da masana da za su iya tattara wannan taska, kuma da yawa daga waɗanda suka yi aiki da shi suna raye, suna iya faɗin yaushe aka ɗauki wane fim da kuma a wane gari. Kowace shekara da ta wuce, kaset na lalacewa, masu ba da labarin kuma suna raguwa.